Otal Biyu a Mumbai: Me Ya Raya Taj, Me Ya Kashe Watson?

A kudancin birnin Mumbai, inda ƙasa ta tsuke ta kutsa cikin teku, akwai tsofaffin gine-gine biyu da tazararsu ba ta wuce tafiyar minti goma sha biyar a ƙafa ba. Dukansu don saukar baƙi aka gina su, kuma kowanne ya yi zamanin da babu kamarsa a birnin. Na farko shi ne otal ɗin Watson, wanda aka kammala gininsa a 1869. A 2019 hukuma ta sa aka kwashe mutanen da ke cikinsa don gudun kada ya rufta da su. Na biyu shi ne Taj Mahal Palace, wanda ya buɗe ƙofarsa ranar 16 ga Disamba 1903, har yau kuma yana karɓar baƙi, bayan ya ga yaƙin duniya biyu, ya ga tashin Turawan mulkin mallaka, ya kuma kwana uku cikin wuta da harsashi a 2008.

Duk wanda ya taso yana kallon finafinan Indiya ya san Taj ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon ginin nan mai jar ƙubba a bakin ruwa, kusa da ƙatuwar ƙofar dutse da ake kira Gateway of India, inda tattabaru ke tashi a gaban masu ɗaukar hoto. Ba shi ne Taj Mahal na garin Agra ba, wancan kabari ne da Sarki Shah Jahan ya gina wa matarsa. Suna kawai suka haɗa.

In ka tambayi mutane me ya sa Taj ya rayu Watson ya mutu, amsar da za ka fi ji ita ce kuɗi: Taj na iyalan Tata ne, su kuwa ba sa rasa abin gyara. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta wadatar da ni ba. Watson ma ya ga kuɗi a zamaninsa, ya ga manyan baƙi, a fannin tarihin gini ma ya fi Taj abin nunawa. A ganina, gadon otal ba a cikin bango yake ba. Yana cikin aikin da ba ya yankewa: mai gida guda da ke ɗaukar wurin a matsayin sunansa, gyaran da ake yi kullum ba sai an ga ɓaraka ba, da ma'aikatan da na baya ke karɓar sana'a daga hannun na gaba. Ranar da wannan sarƙa ta tsinke, abin da ya rage kango ne, komai kyansa.

Mutumin da ya gina Taj, Jamsetji Tata, an haife shi a garin Navsari a 1839, cikin al'ummar Parsi, jikokin mutanen da suka yi hijira daga Farisa zuwa Indiya ƙarnuka da dama da suka wuce. Da auduga ya yi arziki. Masaƙarsa ta Empress da ke Nagpur ta fara aiki a 1877. Akwai wani labari da ake yawan bayarwa, wai wata rana ya je wani otal na Turawa a Bombay, kamar yadda ake kiran birnin a lokacin, aka tare shi a ƙofa saboda shi ba farar fata ba ne, shi ne ya yi alwashin gina wanda ya fi shi. Wasu sun ce a Watson abin ya faru, wasu suka ambaci wani otal daban. Marubuta tarihin Taj, irin su Charles Allen da Sharada Dwivedi, sun nuna shakku a kan labarin, ni ma ina tare da su. Labarin yana da daɗin ji ga duk wanda kakanninsa suka ɗanɗani wulaƙancin mulkin mallaka, amma yana rage wa mutumin daraja, don ya mai da babban aiki ramuwar gayya.

Abin da aka tabbatar ya fi wannan nauyi. A 1896 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta faɗa wa Bombay. Mutane suka yi ta mutuwa, dubun dubata suka tsere zuwa ƙauyukansu, masaƙu suka rasa ma'aikata, jiragen ruwa suka fara ɗari-ɗari da tashar. Cikin wannan hali, a 1898, aka aza harsashin otal ɗin. Wato a daidai lokacin da masu hali ke tunanin inda za su kai dukiyarsu, shi ya zuba tasa a ƙasar garin, ya gina abin da ba a iya ɗauka a gudu da shi. Manyan burikansa huɗu ne: masana'antar ƙarfe, wutar lantarki daga ruwa, cibiyar nazarin kimiyya, da wannan otal. Otal ɗin kaɗai ya gani da idonsa, don ya rasu a Jamus a watan Mayun 1904, wata biyar bayan buɗe shi. Sauran ukun magadansa ne suka cika: kamfanin ƙarfe a 1907, cibiyar kimiyya ta Bangalore a 1909, wutar kuma bayan nan.

'Yan ƙasa ne suka zana ginin, Sitaram Khanderao Vaidya da D. N. Mirza. Da Vaidya ya rasu, wani Bature mai suna W. A. Chambers ya ƙarasa aikin. Jamsetji da kansa ya yi yawon sayayya a ƙetare: fankoki daga Amurka, na'urar hawa bene daga Jamus, ɗakunan wanka irin na Turkiyya, ga wutar lantarki a zamanin da mafi yawan birnin ke kunna fitilar mai. Ƙubbar kuwa ta zama abin da matuƙan jirgin ruwa ke hangowa su san sun iso, shekara 21 kafin a kammala Gateway of India a 1924. Akwai ma wata tatsuniya da masu yi wa 'yan yawon buɗe ido jagora ke so, wai magina sun juya ginin baya ya koma gaba, mai zanen ya dawo ya gani ya kashe kansa don baƙin ciki. Babu ƙamshin gaskiya a ciki. Da gangan aka sa ƙofar shiga ta kalli gari, domin ɗakunan baƙi su kalli teku su sha iska.

Muhimmin abu shi ne ƙofar a buɗe take ga ɗan ƙasa da Bature, in dai mutum zai iya biya. Wannan ya sa Taj ya zama wurin da tarihin Indiya ya riƙa bi ta cikinsa. A yaƙin duniya na farko an mai da shi asibitin sojoji mai gado 600. Sarojini Naidu, mawaƙiya kuma jigo a gwagwarmayar neman 'yanci, ta yi shekaru tana zaune a ɗakunansa, 'yan siyasa na zuwa wurinta shawara. Rattanbai, matar Muhammad Ali Jinnah wanda ya kafa Pakistan, a nan ta yi zaman ƙarshen rayuwarta kafin ta rasu a 1929. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 kuma, rukunin ƙarshe na sojojin Birtaniya ya yi fareti ya bi ta Gateway of India ya hau jirgi, a gaban tagogin otal ɗin da ɗan ƙasa ya gina.

Kada a ɗauka hanyar a miƙe take. Bayan tafiyar Turawa ciniki ya ja baya, zuwa tsakiyar shekarun 1960 Taj ya tsufa, ya yi laushi, ya fara kama hanyar da maƙwabcinsa ya bi. A wannan gaɓa ce aka yi abin da ya cece shi: masu shi suka ƙi sakin sa, suka gyara tsohon ginin, suka haɗa gwiwa da kamfanin Inter-Continental, suka kuma gina dogon bene na zamani a gefensa wanda aka buɗe a 1973, don ya kawo kuɗin da zai riƙe tsohon. Wannan ma da asararsa. A filin da sabon benen ya tsaya akwai wani tsohon otal mai suna Green, wanda ya yi suna wurin matuƙan jirgi da masu ƙaramin ƙarfi, shi aka rushe. Na san akwai masu ganin sabon benen ya ɓata kyan tsohon, kuma in ka dubi hoton biyun a jere za ka fahimci ƙorafinsu. Amma tsohon gini da ba ya ciyar da kansa ba ya daɗewa, kuma ban ga wata hanya da za a bi a wancan lokaci a tsira da duka biyun ba.

Mu waiwayi Watson. Wani Bature mai sayar da yadi, John Watson, shi ya sa aka zuba ginshiƙansa da ƙarfe a Ingila, aka yo jigilarsu ta teku, aka harhaɗa su a Bombay tsakanin 1867 da 1869. Injiniyan da ya tsara shi, Rowland Mason Ordish, yana cikin waɗanda suka yi aikin rufin tashar jirgin ƙasa ta St Pancras a Landan. Shi ne gini mafi tsufa na ƙarfen zubi da ya rage a Indiya. Yana da fili a tsakiya mai rufin gilashi, ɗakuna na zagaye da shi, kowanne da barandarsa. Marubucin Amurka Mark Twain ya sauka a nan a 1896. A cikin wannan shekarar ce kuma, ranar 7 ga Yuli, wakilin 'yan'uwan nan Lumière na Faransa ya haska hotuna masu motsi a ɗaya daga cikin zaurukansa, karo na farko da aka nuna fim a ƙasar Indiya. Duk finafinan da suka cika silimun Plaza da Orion da Marhaba a Kano, duk tasirin da suka yi a kan finafinanmu na Hausa, in ka bi salsalarsu a wannan zaure za ka tsaya.

To me ya same shi? Taj ya ƙwace masa manyan baƙi, Watson ya daina aikin otal, ya yi ta sauya hannu har sunansa ya koma Esplanade Mansion. Aka yayyanka ɗakunan da katako aka ba da haya, yawanci ga lauyoyi saboda kusancinsa da Babbar Kotu. Sai dokar ƙayyade kuɗin haya ta 1947 ta zo ta daskarar da abin da 'yan haya ke biya. An yi dokar da kyakkyawar niyya, don kare talaka daga masu gidaje, amma a irin wannan gini sakamakonta shi ne mai gida ba ya samun abin da zai yi gyara, ɗan haya kuma yana ganin gyara ba nasa ba ne. Ya zama kamar gidan gado a tsohon gari: kowa na da ɗaki, babu mai yaɓe kafin damina. Ruwan sama na Mumbai da gishirin teku suka yi ta cin ƙarfen. A 2005 wani sashe na barandunsa ya rufto ya kashe mutum guda. A 2018 wata barandar ta sake faɗowa ta murƙushe motar haya. Wannan fa duk da cewa tun 1995 Mumbai ke da dokar kare gine-ginen tarihi, sunan ginin na cikin jerin, kuma a 2018 hukumar UNESCO ta sa unguwar da yake ciki a sahun wuraren tarihi na duniya. Takarda ba ta toshe yoyo. Jerin suna yana hana a rushe gini da gangan, amma ba ya hana shi mutuwa a tsaye.

Abin da ya fi nuna mini inda ran Taj yake shi ne daren 26 ga Nuwamba 2008. 'Yan bindiga goma na ƙungiyar Lashkar-e-Taiba suka taso daga Karachi ta teku, suka ƙwace jirgin masunta, suka sauka a Mumbai da daddare suka rarrabu. Suka buɗe wuta a babbar tashar jirgin ƙasa, da wani gidan cin abinci mai suna Leopold, da otal ɗin Oberoi, da wata cibiyar Yahudawa, da wani asibiti. Huɗu daga cikinsu suka shige Taj da bindigogi da gurneti, suka riƙa bi ɗaki-ɗaki, suka cinna wa benen sama wuta. Sai safiyar 29 ga wata aka gama da su. Mutum 166 suka hallaka a faɗin birnin, 31 a cikin Taj.

Ma'aikatan otal sun san kowace ƙofar baya, kowane lungu, kowace matattakalar da baƙo bai sani ba. Da sun so, da cikin 'yan mintuna sun fice. Ba su fice ba. Masu haɗa waya suka zauna a kan kujerunsu suna kiran ɗaki bayan ɗaki, suna ce wa baƙi su kulle ƙofa, su kashe fitila, kada su fito. A wani zaure na bene inda shugabannin kamfanin Unilever ke liyafa, wata matashiya 'yar shekara 24 ce ke kula da hidimar. Ta sa aka kulle ƙofofi, aka kashe wuta, kowa ya kwanta ƙarƙashin tebur. Ta roƙi mata da miji su raba wurin kwanciya, don in an shigo aka yi harbi kada yara su rasa uwa da uba a lokaci guda. Ita da abokan aikinta suka kwana suna zagayawa da ruwan sha cikin duhu, har gari ya kusa wayewa 'yan kwana-kwana suka fitar da su ta taga. A wani ɓangaren, kukuna da masu kai abinci suka jeru suka yi wa baƙi katanga da jikinsu ana fitar da su ta hanyar kicin, a nan 'yan bindigar suka riske su. Babban manajan otal ɗin, Karambir Singh Kang, matarsa da 'ya'yansa biyu suna hawa na shida inda wutar ta kama. Ya san halin da suke ciki, ya ci gaba da jagorantar ceton mutane, su ukun kuma suka rasu. Ma'aikata 11 ne suka rasa rayukansu a waɗannan kwanaki.

Daga baya wasu masana biyu, Rohit Deshpandé da Anjali Raina, suka bi diddigin wannan hali suka wallafa abin da suka gano a mujallar Harvard Business Review a 2011. Sun ce kamfanin ya fi ɗibar ma'aikatansa daga ƙananan garuruwa, yana duba tarbiyya da girmama na gaba kafin takardar makaranta, yana horar da su wata 18, yana kuma koya musu cewa a gaban baƙo su wakilan baƙon ne, ba na kamfani ba, kuma in suka yanke shawara don amfanin baƙo ba za a hukunta su ba. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san fatoman Hausa na da, mutumin da fatake ke sauka a gidansa da dukiyarsu da dabbobinsu, wanda jarinsa duka amana ce. Bambancin shi ne a Taj an mai da amanar tsari, an rubuta ta, ana koyar da ita, ana kuma saka wa mai riƙe ta.

Duk da haka akwai abin da ke damuna a yadda ake ba da wannan labari. Babu albashin da ya kai a ce mai kai abinci ya tare harsashi da ƙirjinsa. Waɗannan mutane sun yi abin da ya wuce aikinsu, jaruntar tasu ce, ba hajar talla ba ce. Kuma kada yabonsu ya rufe tambayoyin da suka wajaba. Ratan Tata, shugaban rukunin kamfanonin a lokacin, ya amsa a wata hira da gidan talabijin na CNN cewa an yi musu gargaɗi kafin harin, an ƙara tsaro a ƙofar gaba, maharan kuwa ba ta nan suka biyo ba. Zaratan sojojin da suka ƙware a irin wannan aiki daga kusa da Delhi aka taso da su, sai da gari ya waye suka iso, ɗaya daga cikin jagororinsu, Manjo Sandeep Unnikrishnan, a cikin Taj ya rasu. Tsawon waɗannan sa'o'i, 'yan sanda masu ƙarancin makami da ma'aikatan otal marasa komai a hannu su ne tsakanin baƙi da mutuwa.

Sai kuma maganar wa ake yi wa kuka. A tashar jirgin ƙasa ta Chhatrapati Shivaji mutum 58 aka kashe, kusan ninki biyu na waɗanda suka mutu a Taj. Leburori ne, da 'yan ci-rani masu jiran jirgin komawa gida, da mata da yara a kan ƙunshin kayansu, Hindu da Musulmi. Amma hoton da duniya ta riƙe shi ne na ƙubbar Taj cikin hayaƙi, kyamarori a can suka tare. 'Yan jaridar Indiya da kansu sun soki wannan, kuma sun yi daidai. Abin da ya rage mini ɗacin abin shi ne gidauniyar da kamfanin ya kafa cikin makonni bayan harin ba ta tsaya ga nasa ba. Ta kai taimako ga iyalan waɗanda aka kashe a tashar, da 'yan sanda, da masu ƙananan sana'o'i a bakin titi. Iyalan ma'aikatan da suka rasu kuma aka ɗauki nauyin karatun 'ya'yansu da lafiyarsu. Wani abin da ya kamata mai karatu ya sani: shugabannin Musulmin Mumbai sun ƙi yarda a binne gawawwakin maharan tara a maƙabartarsu, suka ce wanda ya yi wannan aika-aika ba da sunansu ya yi ba. Na goman, Ajmal Kasab, an kama shi da rai, aka yi masa shari'a, aka rataye shi a Nuwamban 2012.

Ranar 21 ga Disamba 2008, ƙasa da wata guda bayan harin, aka sake buɗe sabon benen. Tsohon ginin ya ɗauki lokaci, don an sake sassaƙa katako, an gyara zane-zanen da hayaƙi ya ɓata, an mai da matattakala da zauruka yadda suke. Aka buɗe shi ranar 15 ga Agusta 2010, ranar bikin 'yancin kan Indiya. Bayan wata uku Shugaba Barack Obama na Amurka ya sauka a ciki. A harabar otal ɗin yanzu akwai bango da ruwa ke kwarara a jikinsa, an rubuta sunayen waɗanda suka mutu, baƙo da ma'aikaci a jere. A 2017 kuma ya zama gini na farko a Indiya da aka yi wa siffarsa rajista a matsayin tambarin kasuwanci.

Mai adawa zai ce: wane irin gadon al'umma ne wannan, wurin da kwana ɗaya a cikinsa ya fi abin da lebura ke samu a wata, a birnin da miliyoyin mutane ke kwana a unguwannin kwano irin su Dharavi? Tambaya ce mai ƙarfi, ba na kuma son a kauce mata. Gaskiya ne mafi yawan waɗanda ke tsayawa a bakin ruwa suna ɗaukar hoto da Taj a bayansu ba za su taɓa kwana a ciki ba. Amma duk wurin da ya yarda a kira shi abin alfaharin gari ya ci bashin garin, kuma da yadda yake biyan bashin ake auna shi. Taj ya biya a yaƙin duniya na farko da ya zama asibiti. Ya biya a 2020, lokacin annobar korona, da ya buɗe ɗakunansa ga likitoci da ma'aikatan jinya da ba sa iya komawa gida don gudun sa wa iyalansu cuta. Kusan kashi biyu cikin uku na hannun jarin Tata Sons, uwar kamfanonin, na gidauniyoyin taimako ne, ribar na komawa asibitoci da makarantu. Wannan bai share rashin daidaiton da ke Mumbai ba, kuma ba zan ce ya share ba. Amma ya bambanta otal ɗin da gidan da attajiri ya gina don ya nuna wa mutane shi wane ne.

Ba zan iya rubuta wannan ban tuna Kaduna ba. Otal ɗin Durbar an gina shi ne don bikin FESTAC na 1977, lokacin da aka yi gagarumin hawan daba da ya tara sarakuna da dawaki daga ko'ina a Arewa. Ya yi zamaninsa, sai ya faɗa cikin rigimar mallaka da shari'a, ya yi shekaru a rufe, ciyawa ta cinye shi, a watan Janairun 2020 aka sa katafila aka baje shi. Bai kai shekara 45 ba. Ana ta jayayya a kan wa ke da gaskiya a rushewar, ni kuwa abin da na gani shi ne Durbar ya mutu tun kafin katafila ta iso, ya mutu ranar da aka sallami kuku na ƙarshe aka sa kwaɗo a ƙofa. Hanyar Watson ce ya bi sak. Otal ɗin Daula na Kano ma ya zama labari.

Akwai dalilin da ya sa abin bai cika damunmu ba. A wurin mutanenmu da yawa otal wuri ne na shaye-shaye da masha'a, mutumin kirki ba ya son a gan shi a ƙofarsa, balle ya tsaya kare shi. Wasu wuraren sun jawo wa kansu wannan suna. Amma a irin waɗannan zauruka aka yi tarurrukan da suka tsara siyasar Arewa, aka sauki shugabannin ƙasashe, aka ƙulla cinikayya, aka yi walimar auren iyayen wasunmu. Kuma yawancinsu gwamnati ce ta gina su da kuɗin jama'a, sannan ta riƙa naɗa musu shugabanni da sauke su duk lokacin da mulki ya sauya, babu wanda ya daɗe har ya ji wurin nasa ne. Taj ya shekara fiye da 120 a hannun gida ɗaya.

Otal ɗin Hamdala, wanda ya samo asali tun zamanin gwamnatin Jihar Arewa, yana nan a Kaduna. Hill Station na Jos, wanda aka gina a 1938, shi ma ginin yana nan. Roƙona ga masu su da gwamnatocin da ke da hannu a cikinsu shi ne a damƙa su ga wanda zai riƙe su shekaru masu yawa da sharaɗin ya ci gaba da aikin otal ya kuma kiyaye tsohon ginin, ba wanda zai yanka filin ya yi shaguna ba. A ware kuɗin gyara duk shekara kafin a raba riba. Sassan tarihi na jami'o'inmu, da Gidan Arewa da ke Kaduna, su nemi tsofaffin rajistocin baƙi da hotuna da takardun waɗannan wurare su adana kafin gara ta gama da su. A kuma nemi tsofaffin kukuna da masu gyaran ɗaki da direbobin da suka yi aiki a can, a zauna da su a naɗi abin da suka gani. Da yawansu sun haura saba'in, a je musu a bana.